Hoton Kan Auta

Barcin Dogo ba ya sallama. Na mutane sai sun nemi wuri sun kwanta yake zuwa, shi kuwa nasa ko a tsaye cim masa yake yi, da rana tsaka, wani lokacin da loma a hannu. Ranar da abin ya fito fili a bakin danja ne, yana kan sitiyarin tirela shaƙe da buhunan siminti. Wuta ta ba da hannu, motocin gaba suka wuce, na baya suka yi ta danna hon kamar za su tsaga titi, Dogo na nan ya kifa goshi a sitiyari yana zuba minshari. Allah ya taimaka ƙafarsa a kan birki take. Da a kan totur take, da wani labarin ake yi yanzu.

Manajan kamfani bai yi faɗa ba, kuma wannan ne ya fi tayar wa Dogo hankali. Kujera ya nuna masa, ya ce ya zauna.

"Dogo, ka san ba ni da direba kamarka. Amma ba zan rufe ka ba. Za ka je babban asibiti su duba ka. In suka ce gajiya ce ko sugan nan naka, ka sha magani ka ci gaba da aikinka. In kuwa suka ce a cikin kai abin yake, to sai dai ka yi haƙuri, ka sauka daga mota."

Bai ambaci gida ba, don ba sai ya ambata ba. Kowa ya san ɗakunan bayan gareji na masu tuƙi ne kawai. A can Dogo yake da matarsa da yaransa, a can kuma Inna, mahaifiyarsa, take da ɗan ɗakinta mai taga ɗaya, inda ta ce ba ta ƙara tashi sai ranar da za a fitar da ita a kafaɗa.

Likitar da ya samu mace ce, 'yar siririya, mai magana a hankali kamar tana gudun kada ta tashi jariri. Ta duba awon jininsa ta girgiza kai.

"Suganka ya ƙi jin magani, barcinka kuma ya ƙi jin magana," in ji ta. "Sau da yawa su biyun daga wuri ɗaya suke tasowa. Can a tsakiyar kai akwai ɗan wurin da yake kula da yunwa da ƙishirwa da barci. Mu a nan ba ma ba da magani da ka. Sai mun ɗauki hoton ƙwaƙwalwa mun ga yadda wurin yake, sannan mu san maganin da zai dace da kai."

Dogo ya ce to, ya yi godiya, ya fito. A gareji kuwa direbobi suka ƙarasa shi. Waɗanda ko ƙofar ɗakin hoton ba su taɓa gani ba su ne suka fi kowa sani. Wannan ya ce na'urar har barcin da mutum ya yi bara tana nunawa. Wancan ya ce duk direban da ya shiga cikinta bai sake taɓa sitiyari ba. Dogo yana ta dariyar yaƙe.

Da yamma ya nufi shagon ƙanensa.

Autan Inna ne, shi ya sa har ya ajiye gemu sunan bai sake shi ba. Mai aski ne, shagonsa ɗan ƙarami a bakin titi: kujera ɗaya mai juyawa, dogon madubi da ya tsage a kusurwa, bencin jira a jikin bango ta hannun hagu, sai kanta da ya jera kilifa da reza da kwalbar sifirit a kai. Shi da Dogo kamar an tsaga kara. Tsayi ɗaya, goshi ɗaya, har wushiryar iri ɗaya. Tumbi ne kawai ya raba su, shi ma in Dogo ya sa babbar riga ba a ganewa.

Dogo ya jira mutum na ƙarshe ya fita, sannan ya hau kujerar, ya faɗi abin da ya kawo shi yana kallon ƙasa.

Auta ya tuntsire da dariya har da dafa kanta. "Yaya, kai fa ba ka da dama! An ari riga, an ari takalmi, yau kuma kai ake aro?"

"Ba wasa na zo yi ba. Masu ɗaukar hoton ba su san ni ba, ita likitar ɗakinta daban. Ka sa rigar aikina, ka riƙe katina, in an kira sunana ka amsa. Ka kwanta, ka tashi, shi ke nan. Kai lafiyarka ƙalau, hoton zai fito fes."

"In aka kama mu fa?"

"In aka kore ni fa? Ina zan kai Inna?"

Auta ya daina dariya. Ya ɗauki ƙyalle ya yafa wa yayansa a wuya, ya kunna kilifa. "Gyara zama in daidaita maka ƙeya ta zama irin tawa," in ji shi. "Tun da za a yi, a yi ta da kyau."

Ranar hoton Dogo bai shiga ba, a gindin wata bishiya ya zauna wajen da ake ajiye motoci, kuma ko kunya babu, barci ya kwashe shi a nan. Auta ne ya tashe shi da ƙafa.

"Tashi, mara lafiya, an gama maka. Kai, Yaya, ka ci bashina! An cire min agogo, an cire bel, aka kwantar da ni a wani siririn gado, aka tura ni cikin rami kamar burodi. Sai ƙara, gwam-gwam-gwam, sai ka ce maƙera sun samu sabon ƙarfe. Wai kada in motsa. Ni kuwa hancina ya tashi ƙaiƙayi, ka ji mugunta."

Suka yi dariya tare, suka sayi lemo suka sha a tsaye. Dogo ya ji kamar an sauke masa buhu daga kai.

Bayan 'yan kwanaki ya koma karɓar sakamako. Likita ta juyo da fuskar kwamfuta wajensa. Ga kai nan an yanka shi gida-gida, toka-toka da fari, kamar an raba kabeji. Dogo ya zuba ido. Ko a hoton ma ya gane goshin.

"Bari in fara da mai daɗin," in ji ta. Ta ɗora bakin biro a tsakiya. "Nan ne wurin da na gaya maka. Lafiyarsa lau. Ke nan barcinka ba daga nan yake ba, na fi zargin suga ne da toshewar numfashi in ka kwanta. Zan canza maka magani a kan haka. Zan kuma rubuta wa kamfaninku cewa in barcin ya lafa ka iya tuƙi."

"Alhamdu lillahi. Allah ya saka da alheri, Likita."

Har ya fara neman takalminsa da ƙafa. Ita kuwa ba ta ɗauke biron ba, ƙasa ta ɗan zame da shi.

"Amma ga wani abu da ba shi muka je nema ba."

Wani ɗan dunƙule ne fari, bai fi ƙwallon dabino ba, zaune a ƙasan ƙwaƙwalwar.

"Ƙari ne," in ji ta. "Kada ka tsorata, yawanci irinsa ba mugu ba ne, ba ya yaɗuwa. Matsalarsa wurin da ya zauna. Ka ga wannan zaren da ya gitta ta samansa? Jijiyoyin ido ne. In ya girma zai danne su. Kana ciwon kai?"

"A'a."

"Kalli hancina. Kada ka juya ido."

Ta buɗe hannuwanta biyu can gefe da gefe, ta motsa yatsu. "Kana gani?"

"Ina gani."

"Wane hannu na motsa yanzu?"

"Na dama."

Ta yi ta gwadawa, sama da ƙasa, kusa da nesa. Ina! Idon direban tirela ne, wanda ya saba hango ɗan babur tun kafin ya fito daga lungu. Ko ɗaya bai kuskure ba. Likita ta saki fuska.

"Madalla. Idonka bai san da shi ba tukuna, jininka ma bai nuna yana taɓa komai ba. Da ya fara cin ido, da a makon nan zan tura ka wurin masu tiyata. Tun da bai fara ba, za mu zuba masa ido, bayan wasu watanni mu sake hoto. Amma ka riƙe wannan da kyau. Ba ta gaba yake fara ci ba, ta gefe yake farawa, a hankali, har mutum bai san yana rasa komai ba. Ranar da ka ga kana bugun bakin ƙofa da kafaɗa, ko abu ya zo ta gefenka ba ka gan shi ba, kada ka jira gobe. Ka zo a ranar."

To, a nan ne fa ya kamata mutum ya buɗe baki. Kalma nawa ce? Kan ba nawa ba ne, na ƙanena ne, yana can shago, a kira shi a duba idonsa. Shi ke nan. Dogo ya buɗe bakin kuwa. Sai ya hango takardar kamfani da take rubutawa, ya hango tagar Inna. Ƙaton mutum kamar wannan, abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Na gode, Likita."

Ya tafi shagon da niyyar faɗa, wallahi da niyyar ya tafi. Ya tarar da layi a benci, Auta na tsakiya yana ba da labarin ƙwallo, kilifa na kuka a hannunsa. Da ya hango shi ta madubi sai ya ɗaga gira.

"Yaya dai? Kan nawa ya ci jarrabawa?"

"Ya ci."

"Ai na gaya maka! Kaya mai kyau na ba ka aro."

Mutanen benci ba su san zancen ba amma suka taya shi dariya. Dogo ya ce a ransa ba a gaban mutane ba, sai gobe. Gobe ta yi aka ba shi lodi mai nisa. Da ya dawo sai ya ce bari ya samo dabarar da za ta fitar da kowa. Ya juya abin ta ko'ina, dabarar ta ƙi samuwa. Na'urar guda ɗaya ce a duk yankin, kuma duk hoton da ta ɗauka ta gaban likitar nan yake bi. In aka kawo mata kai na biyu da dunƙule iri ɗaya a wuri ɗaya, ai ba yarinya ba ce. Ya gwada ta wata hanyar, ya ce wa Auta ya kamata shi ma ya je a duba lafiyarsa haka nan.

"A duba me? Ba ga hoton kaina can an ce fes ba? Ni da na samu kyauta."

Dogo ya bar maganar a nan. Ya koma lallashin kansa: likita ta ce ba mugu ba ne, ta ce a zuba ido. To zai zuba. Ita tana duban idon da ba shi ba, shi zai duba na gaskiyar.

Daga nan ya zama ɗan zaman shago. Duk ranar da ba shi da lodi yana kan bencin hagu, wai hira ya zo. Ba hira yake ba, gadi yake. In Auta ya duƙufa a kan wani, sai Dogo ya ɗaga hannu a hankali ta gefensa ya motsa yatsu. Da fari Auta kan juyo nan take.

"Lafiya, Yaya? Sauro kake kora?"

Sai Dogo ya ji sanyi a ransa, ya tafi gida ya ci abinci. Sabon maganin da aka zaɓa masa da kan wani kuwa bai hana shi gyangyaɗi ba. Da kofi mai ɗaci da tsunkulin cinya yake kai lodi, in an tambaye shi ya ce barci ya lafa.

Makonni suka shige. Wata rana ya ɗaga hannun, ya motsa, ya ƙara motsawa. Auta na ta gyaran gemun wani dattijo yana fito da baki. Sai da Dogo ya matso da hannun gaba sosai sannan ya ce, "Af, magana kake?" Dogo ya ce a'a, miƙa yake yi. Ya gaya wa kansa aiki ne ya ɗauke masa hankali, kowa ma haka yake in yana riƙe da reza.

Sai ranar da suka haɗu a ɗakin Inna. Auta ya shigo da sallamarsa, kafaɗarsa ta daki bakin ƙofa, gwaf. Ya zauna, ya miƙa hannu zai ɗauki waya, ya ture kofin shayin da ke gefen gwiwarsa, ya malale a tabarma.

"Kai Auta, wai me ke damunka ne kwanan nan?" in ji Inna tana jawo tsumma. "Ƙofar nan tun kana zuwa take a wurin, ba ta matsa ba. Ko ka fara shan abin da 'yan zamani ke sha ne?"

"Haba Inna! Ƙofar ce ta rame. Kaina ne kawai ke ɗan sarawa da safe, ƙarar kilifa ce."

"To ka rage kallon waya. Kai kuma babban, ka zauna ka yi tsuru-tsuru, ba za ka yi masa faɗa ba?"

Dogo ya ce zai yi.

Shi ya matsa wa Auta ya je shagon masu tabarau, yana fatan ko su za su gano, su tura shi asibiti, maganar ta fito ta bakin wani. Aka zaunar da Auta, aka nuna masa allon haruffa can gabansa. Ya karanta tun daga manya har 'yan mitsi-mitsin ƙasa, bai ci tuntuɓe ba. Mai shagon ya ce ido kamar na shaho, ya sayar masa da tabarau na rana don kada ya fita hannu rabbana. Auta ya dawo yana tsokanar yayansa da su.

Ranar komawar Dogo asibiti don duba suga ta zo. Likita ta sake buɗe hannuwa, ya sake cinyewa. Tana rubutu ya yi ta maza ya ce, "Likita, tambaya gare ni. Misali mutum ya fara bugun ƙofar nan da kika ce. In aka yi aikin, ganin yana dawowa?"

Ta ajiye biro ta dube shi. "Ka fara ne?"

"A'a, a'a. Tambaya dai."

"In an yi da wuri, jijiyar da aka danne takan farfaɗo. In ta daɗe a danne mutuwa take yi, kuma wadda ta mutu ba mai tashinta, ko ni ko wani. Shi ya sa na ce a ranar. Wani lokacin ma ƙarin yakan kumbura farat ɗaya, mutum ya tashi da safe ya ga duhu." Ta yi murmushi don ta kwantar masa da hankali. "Amma kai kada ka sa wa ranka damuwa. Da duk masu irin hotonka idonsu kamar naka yake, da na huta."

Dogo ya fito. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da birki ya tsinke masa a gangare. Duk da haka ya hau mota ya kai lodi. Kai, ɗan Adam!

Da ya dawo ya tarar shagon ba kowa, abin da bai taɓa gani ba da yamma. Auta na zaune a kujerar aski, ya dafe goshi. A kan kantar ga auduga jajir da jini.

"Kunnen wani na yanka," in ji shi, ba tare da ya ɗago ba. "Tun da nake aski ban taɓa ba. Wallahi, Yaya, ban ga kunnen ba. Ina kallon ƙeyarsa, sai ihu na ji. Jiya kuma saura kaɗan mota ta kwashe ni a kan babur, wai ta daɗe tana gefena." Ya yi 'yar dariya mara daɗi. "Ko tsufa ne ya tsallake ka ya faɗo kaina?"

Dogo na tsaye a bakin benci, taku biyu tsakaninsu. Auta ya ɗago, sai Dogo ya lura ba shi yake kallo ba, ƙofa yake yi wa magana, inda ya ji sallamarsa ta ƙarshe.

"An kira ni hoto na biyu," in ji Dogo. Ƙarya ce, lokacin bai yi ba. "Gobe da safe. Za ka sake ara min?"

"Kan nan mai ciwo? In suna so su ɗauka."

Da safe suka tafi a motar haya, Auta cikin rigar aikin yayansa, yana ta ƙoƙarin wasa amma wasan ba ya tashi. A ƙofar asibiti ya yi karo da keken marasa lafiya da wata nas ta turo ta damansa, ya ba ta haƙuri, ya juya ya daki ƙarfen ƙofa ta hagu. Dogo ya kama hannunsa. Rabon da ya riƙe hannun nan tun suna tsallaka titi zuwa makaranta.

"Yaya, ɗakin hoton ta can yake fa. Kuma kai ba a waje za ka jira ba?"

Dogo ya ƙara damƙe hannunsa. Ya ja shi suka haye bene, suka wuce masu jira a layi suna ta ƙorafi, ya tura ƙofar likita ko ƙwanƙwasawa babu. Ta ɗago a fusace, sai ta ga fuska ɗaya sau biyu, ta yi kasaƙe.

"Likita, kan da ke hoton nan ba nawa ba ne," in ji Dogo. "Nasa ne. Ƙanena ne. Ni na tura shi ya shiga a madadina, don kada a raba ni da mota. Idon da kike ta dubawa ba shi ba ne."

Ba ta zage shi ba, ko kallo na biyu bai samu ba. Ta taso ta zaunar da Auta a kujera, ta ja tata ta zauna dab da shi.

"Kalli hancina. Kada ka juya ido. In ka ga yatsuna sun motsa ka faɗa."

Ta buɗe hannuwa, ta motsa yatsu. Ta matso da su ciki kaɗan, ta motsa. Ta ƙara matsowa. Dogo na ganinsu sarai daga inda yake, suna ta rawa a iska. Auta ya kafe hancinta da ido, yana jira da ladabi.

"Likita, ki fara mana," in ji shi.

Sai da hannuwanta suka zo kusan saitin kafaɗunta sannan ya ce ya ga na dama. Na hagun sai da ya kusa taɓa kumatunta. Ta ɗauko 'yar fitila ta leƙa cikin idanunsa, ta daɗe a na hagu. Sannan ta ɗauki waya, ta yi magana da sauri da wasu, ta ce a nemo gado yau, a buɗe na'ura yanzu, ba gobe ba.

"Wai me ake ciki ne?" in ji Auta. "Wane ido? Ba an ce hoton fes yake ba?"

Ta gaya masa, a hankali, ba ta ɓoye komai ba. Ƙari, jijiya, tiyata. Ta ce na damar tana sa rai za a ceto abin da ya rage, wataƙila ma wani ya dawo. Na hagun jijiyarsa ta riga ta yi fari, ba za ta yi masa alkawarin da ba za ta cika ba. Ta ce su jira a waje, yanzu za a zo a tafi da shi. Ga Dogo kuwa abu ɗaya ta ce, shi ma tana kallon takarda: maganin da yake sha ya dakata da shi, kuma kada ya kuskura ya taɓa mota.

Suka zauna a bencin baranda, kafaɗa da kafaɗa. Mutane na wucewa, ana kiran sunaye. Auta ya ɗora hannuwansa a gwiwa yana kallon bangon da ke gabansa.

"Yau ka sani?" ya tambaya daga baya.

Dogo ya kawar da kai gefe.

"Ko jiya, da na yanki kunnen mutumin nan?"

"Auta, ka yi haƙuri. Na so in faɗa maka, Allah ya sani na so. Na ɗauka in ina lura da kai..."

"Hannun nan da kake ta ɗagawa a shago. Ashe ba sauro ba ne."

"Ba sauro ba ne."

"To tun yaushe?"

Dogo ya sunkuyar da kai, ya fara magana ƙasa-ƙasa, yana haɗa Inna da gida da yara. Auta ya ɗaga hannu ya tsayar da shi, har yanzu bango yake kallo.

"Dakata, Yaya. Muryarka kawai nake ji, a nan gefen ba na ganinka. Taso ka dawo gabana. Ɗan abin da ya rage min ke nan, ina so in ga fuskarka da shi lokacin da za ka faɗa."

Dogo ya tashi da ƙyar. Ya zagayo ya durƙusa a gabansa, saitin hancinsa, inda ba yadda za a yi a kuskure shi. Idanun Auta suka same shi suka tsaya.

"Tun ranar da na karɓo sakamako," in ji Dogo.

Auta ya ci gaba da kallonsa, bai ƙifta ba, har nas ta iso da keke ta kira sunan da ke jikin katin. Sunan Dogo ne. Ba wanda ya amsa a cikinsu.